Awon Gida da Tef ɗin Tela

Tana durƙushe a ƙofar kicin, tef ɗin awo a hannu, biro a baki, yayar mijinta ta hawo matattakala tana haki, riƙe da bokitin fenti.

Tela ake ce mata a layin, don shekara ashirin ke nan kekenta na ƙara a saman benen nan. Shi kuwa maigidan tsohon direban babbar mota ne, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar wata bakwai da suka wuce. Matattakala goma sha tara ce tsakaninsa da titi. Duk ranar asibiti sai an yi roƙon ƙarti su sauko da shi kamar buhu, har ya yi zuciya ya ce ya daina zuwa gashin ƙashin.

Ana haka aka samu wani dattijo mai gida na ƙasa kusa da asibiti, ya yarda a yi musaya. Amma 'ya'yansa, masu ido a tsakar ka, suka ce ba za a sa hannu ba sai an kawo takardar kimanta gida daga ofis. Sun ba da wa'adi zuwa Juma'a, don akwai wani mai so yana jira. Da Tela ta je ofis aka ce layinta sai nan da sati shida.

Wata ce da kuka za ta dawo gida. Ita kam zama ta yi a benci ta buɗe kunne, ta yaba ɗinkin rigar sakatariya duk da wuyan ya karkace. Kafin azahar sakatariya ta zazzage mata ciki tas. Mai kimantawa gida biyar zai iya yi a rana, amma biyu yake yi da ƙyar. Ya je a ce masa makullin ɗaki ya ɓata, ko takardar mallaka tana wajen wani kawu. Ya ja kabad da hannunsa don ganin abin da aka ɓoye a baya. A zaunar da shi a cika masa gaba da kwanuka, wai don ya ji kunya. Ta kuma faɗa mata ran Talata yana layinsu, gidan mai kanti.

To yau Talata, ga Yaya da fenti.

"Ki shafe tsagar nan ta falo tun bai gani ba," in ji ta. "Ki jawo kabad ki tare sauran. Amarya ma ai sai an yi mata kwalliya."

"Yaya, mai awo ba ango ba ne."

Yaya ta ce ƙanenta ya auro taurin kai tun yana da ƙafa, yanzu kuma ga shi za a ba da gidansa arha. Tela ta nufi kekenta. Allin ɗinki ta ɗauka ta zagaye tsagar, ta zagaye inda silin ke yoyo, da famfon da ke ɗiga. Ta janye kabad daga bango, ta buɗe ƙofofi duka ta tokare su. Tsawo da faɗin kowane ɗaki kuwa ta rubuta su a littafin da take rubuta ƙugu da kafaɗar mata.

Wajen ƙarfe goma ta leƙa taga. Mai kimantawa na tsaye a ƙofar mai kanti yana duba agogo, mai kanti na ta buga waya yana gumi. Abin da duk layin ya sani, banda ofis, shi ne matarsa ta yi yaji tun Asabar, ta kulle ɗakuna uku ta tafi da makullan.

Tela ta yafa mayafi ta sauka. Ta gaishe shi, ta ce ita ce ta sati shida, gidanta ga shi nan a buɗe kamar kasuwa. Ya ce ba a tsallake layi. Ta ce ita ma ba ta ce a tsallake ba, awa ɗaya ce ta faɗi a ƙasa, gara wani ya tsinta. Ya buga wa ofis, sakatariya ta ce ai fayil ɗin matar a cike yake, in yana da sarari ya shiga. Da sharaɗin da an kawo makullai zai fito.

Yana hawa ya tsaya yana kallon zanen alli a bango.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ce, ɗan nan. Don kada ka wahala wajen nema."

Ya ce shekararsa tara a aikin nan, bai taɓa shiga gidan da aka nuna masa aibu da hannu ba. Yaya daga gefe ta ce shi ya sa bai taɓa shiga gidan mahaukata ba sai yau. Ya danne dariya, ya karɓi littafin. Ya auna falo da na'urarsa, ya auna kicin, ya duba rubutunta. Bambancin bai kai faɗin yatsa ba. Sauran ɗakunan ma ya auna, don aikinsa ke nan, amma tafe yake yana yi, ba ja, ba ɗagawa, ba jiran kowa. Takardar mallaka da zanen gida suna kan keken ɗinki an danne su da almakashi.

A ɗakin ƙarshe ya tarar da maigidan a bakin taga. Ya rusuna ya gaishe shi, ya ga keken guragu a naɗe a lungu, ya ci gaba da awonsa.

Minti arba'in ya yi. A bakin matattakala ya gaya mata gaskiya: tsagar za ta rage wa gidan daraja, sai dai ta sama ce, ba ta taɓa tushe ba. Da an rufe ta da sabon fenti, dole ya rubuta a turo injiniya, wannan kuwa wata guda ne. Takarda za ta fito Alhamis da safe.

Yaya ta ɗauki bokitinta ta ce dama ita don ƙofar banɗaki ta kawo shi.

Tela ta koma ɗaki ta zauna gefen gado. Ta ce wa maigidan Alhamis. Ya kalli titi, bakinsa na motsi kafin magana ta fito, a karkace kamar kullum.

"Ina takalmana?"

Ta ce ai da sauran kwana biyu. Ya ce ya sani, a dai nemo su. A ƙarƙashin gado ta same su, can ƙurya, sun yi fari fat. Ta jiƙa ƙyalle ta hau gogewa.