Sunan Dogo, Fuskar Wani

Tana cikin goge wuyan wata riga sai mai shago ya ƙara wa talabijin murya. Matar Dogo ba ta waiwaya ba. Aikinta a shagon ɗinkin nan guga ne da sa maɓalli, teburinta yana can ƙurya, ta ba akwatin baya. Tun safe tashar take maimaita guntayen bikin karrama 'yan fim da aka yi jiya, kuma duk wanda ya shigo shagon sai ya manta da ɗinkin da ya kawo shi.

"Wallahi an yi son kai," in ji wata mata da ta zo gwajin riga. "Yarinya da fim ɗaya tal, wai ita ce gwarzuwar shekara? Waccan baiwar Allah fa tun muna 'yan mata take sa mu kuka."

"Ai shi ya sa ta tashi ta fice," in ji mai shago, tef ɗin awo a rataye a wuyansa. "Kin ga yadda ta ture kujera? Ko a fim ba ta taɓa wasa mai kyau haka ba."

Wani direban tasi da ke jiran a rage masa tsawon wando ya buga cinya. "Ku bar zancen matan nan. Ni wanda aka kashe da ransa ne ya kusa kashe ni da dariya. Kun ga wajen da ake nuna waɗanda suka rasu a bana? Sai ga hoton wani ƙato, lafiyarsa lau, an sa masa kiɗa mai taushi. An ce yana zaune yana shan shayi, matarsa ta kurma ihu, shi kuwa ga shi a gefenta da kofi a hannu!"

Matar ta ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Mai shago ya yi tari, ya saci kallon ƙurya, ya ce wa direban ya zo a gwada wandon. Direban bai gane ba.

"To shi ainihin mamacin fa, wa ye ma?" in ji matar.

"Oho. Wani ne cikin masu ɗaukar kaya."

Matar Dogo ta juya rigar, ta yayyafa ruwa, ta ɗora dutsen guga. Tururi ya taso mata a fuska. Ta jira ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, ba abin da ya motsa.

Dogo ba ɗan wasa ba ne. Shekara da shekaru aikinsa riƙe allon haske, wani faffaɗan allo mai ƙyalli da ake tare rana da shi a mayar da ita fuskar ɗan wasa. Yakan dawo gida kafaɗu a sage, ya ce yau ya wuni yana haska mutane. Watannin baya ya faɗi a wurin aiki, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Likita ya ce zuciya ce. Da bikin ya matso, wani ya kira ta daga ofishin masu shiryawa ya ce za a sa maigidanta cikin waɗanda za a tuna da su. Ta gaya wa Iya, mahaifiyarsa, wadda suke zaune tare. Tun daga ranar Iya ba ta da wata magana sai wannan.

Jiya babu wuta a layinsu. Ta hau bene wurin maƙwabciya mai janareta, ta bar Iya a ƙasa saboda ciwon ƙafa. Ta zauna bakin kujera har aka zo wurin. Aka nuna wata tsohuwa mai yi wa 'yan wasa kwalliya, sannan mai gabatarwa ya karanto sunan Dogo cikakke, a hankali, ba kuskure ko ɗaya. Fuskar da ta fito kuwa ta abokinsa ce, wanda ake kira Janareta don shi ke kula da injin wuta a wurin ɗaukar fim. Yana murmushi, allon haske a hannunsa. Maƙwabciyar ta dafe ƙirji tana salati. Ita kuwa abin da ta lura da shi, labulen ɗakin ya zame daga ƙugiya ɗaya. Da ta sauko ta ce wa Iya gobe da la'asar za a maimaita, ta bari ta ji da kunnenta.

Abin da take riƙe da shi ke nan tun safe. Idanun Iya sun yi yana, haske da inuwa kawai take gani. Fuska ba za ta dame ta ba. Sunan ne nata, kuma sunan an faɗe shi daidai.

Bayan azahar ta kashe dutsen guga ta ce za ta tafi. Mai shago bai tambayi dalili ba, ya dai ce, "Ki yi haƙuri da bakin mutane, ba su sani ba."

"Ba komai," in ji ta.

A cikin bas ma zancen ke nan. Wasu 'yan mata biyu a gabanta suna kallon waya, an haɗa hoton Janareta da kiɗan rawa, sai ya mutu ya tashi, ya mutu ya tashi. Wani dattijo ya ce ya kamata a rufe tashar. Wani ya ce a'a, alƙalan bikin za a kama, su suka ci amana. Kwandasta ya ce shi dai in za a nuna shi a talabijin, ko a mace ne ya yarda. Ta kalli tagar motar. Wani yana wanke babur a bakin titi, kumfa na gangarawa cikin kwata.

A ƙofar gida ta tarar da Janareta zaune kan dakali, ya ja hula har gira. Da ya gan ta ya miƙe, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Matar yaya, sannu da dawowa."

"Sannu. Ba ka shiga ba?"

"Da wace fuskar?" Ya yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. "Na kashe waya. Ƙanwar babata tun daga ƙauye ta kira tana kuka, na ɗauka, ta jefar da wayar. Mai shayin unguwarmu ya ce ba ya sayar wa fatalwa."

Ba ta yi dariya ba, shi ma ya daina.

"Na je ofishinsu da safe," ya ce. "Na tambaye su yadda aka yi. Kin san su can sama ba su san fuskokinmu ba, kayan aikinmu suka sani. Aka ce a nemo hoton Dogo mai allo. Suka buɗe hoton da muka yi gaba ɗaya a fim ɗin ƙarshe, suka duba wanda ke riƙe da allo, suka yanko shi."

"Me ya kai allonsa hannunka?"

Janareta ya dubi ƙasa. "Ranar ya ce in riƙe masa. Wai hannunsa na hagu ya yi nauyi, ƙirjinsa kamar an ɗora dutse. Ya je ya zauna bayan mota. Shi ya sa ba ya cikin hoton ma sam."

"Yaushe ke nan?"

"Da saura kamar wata guda ya rasu."

Ta tuna watan. Ta tuna shi yana cin abinci hannunsa na hagu a sake kan cinya. Ta tambaye shi, ya ce gajiya ce.

"Ya ce kada in gaya miki," in ji Janareta. "Wai za ki hana shi fita."

"Da na hana shi," ta ce, kamar mai faɗin farashin sabulu. Ta tura ƙofa. "Shigo. Iya za ta ji daɗin jin muryarka."

"Amma na sa sun gyara," ya ce da sauri yana bin ta. "Na buga musu tebur. Na ce ko su cire hotona kafin a maimaita, ko in kwana a ƙofarsu. Babbansu da kansa ya ba ni haƙuri, ya ce an gama."

An kawo wuta. Iya ta riga ta yi wanka, ta sa tufafinta na fita unguwa, ta sa an ja mata kujera dab da talabijin har gwiwarta na taɓa teburin. Da ta ji gaisuwar Janareta ta miƙo hannu ta shafa kansa.

"Kai ne, ɗan nan? Ka kyauta. Zauna ka ji abokinka. Yau duk duniya za ta ji shi."

Ya zauna a ƙasa. Matar Dogo ta zauna bakin gado, mayafinta ma ba ta cire ba.

Aka fara. Aka yi jawabai, aka yi tafi. Aka kira yarinyar nan ta hau ta karɓi kyautarta tana kuka, aka nuna babbar 'yar wasan tana ture kujera, har sau biyu aka nuna. Iya ta ce, "Su waɗannan me ya haɗa su?" Aka ce mata kyauta ce. Ta ce, "Allah ya kyauta," ta gyara zama.

Sai fitilun zauren suka dushe, kiɗa mai taushi ya tashi. Iya ta karkato da kunnenta na dama, wanda ya fi ji. Mai gabatarwa ya shiga karanto sunaye, kowane da fuskarsa. Wani darakta. Wani mawaƙi. Ga tsohuwa mai kwalliya. Matar Dogo ta ji yatsunta sun kama zanen gado.

Hoton ya ɗan yi tsalle, kiɗan ma ya yi tsalle. Sai ga wani direban 'yan fim, da sunansa.

Janareta ya buɗe baki, ya sa tafin hannu ya rufe. Sun cire hoton kamar yadda ya nema. Amma sun haɗa har da sunan Dogo.

Sunaye suka ƙare. Zauren ya miƙe tsaye ana tafi. Aka sako tallar man girki, wata mata tana dariya a kicin mai faɗi.

"An shiga talla," in ji Iya. "Bayan tallar ne, ko?"

Janareta ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa, kafaɗunsa na rawa.

"Ke nake tambaya, 'yar nan. Bayan talla ne?"

Matar Dogo ta tashi ta rage muryar akwatin har ta ɗauke. Ta durƙusa gefen kujerar, daidai kunnen dama. Tun da aka kawo ta gidan nan ba ta taɓa kama sunan mijinta a gaban uwarsa ba, ko a bayan idonta ma sai dai ta ce shi, ko maigidan. Ta faɗi sunan a hankali, nasa da na mahaifinsa, ta ƙara da aikinsa, mai riƙe allon haske.

Hasken tallar yana wasa a kan fuskar Iya.

"Wannan ba muryar talabijin ba ce," ta ce.

"A'a, Iya."

Tsohuwar ta laluba har ta sami wuyan hannunta, ta riƙe.

"Sake faɗa."