Jummai Ta Ƙi Famfas

Tun Jummai ba ta yi arba'in ba uwarta Husaina ta san lokacin da yarinyar za ta yi fitsari. A ƙauyensu ta koya, wajen Innarta, sa'ad da ta je wankan jego. Inna ba ta yarda da famfas ba, ta ce ita ba ta ga dalilin da zai sa a ɗaure wa mutum ƙazantarsa a jiki ya wuni da ita ba. Sai dai ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafafu, ta ɗora jaririyar a kan ƙwaurinta suna fuskantar juna, ta tura ɗan fo a ƙasa, ta riƙe mata hannaye tana cewa "ssss" a hankali har abin ya zo.

Da wannan Husaina ta dawo gidan hayarsu na Gyaɗi-Gyaɗi. Jummai na da tata alamar. Sai ta saki nono ta yi tsit, ta ƙura wa silin ido kamar mai tunanin duniya, sannan ta harba ƙafar hagu. Ko wanki Husaina take yi, da ta hango haka za ta yarfe hannu ta ɗauko fo.

Gaskiya Husaina ba gwanar komai ba ce. Tuwonta yakan yi gudaji, kitsonta ba ya kwana biyu, a makarantar da take koyarwa a Tarauni ma ba a taɓa yaba mata ba. Wannan ne abu ɗaya da ta iya, ba wanda ya iya shi a gidan sai ita. Mijinta Isyaku ya gwada wata rana kafin ya fita da adaidaitarsa. Ya yi ta "ssss" har miyau ya ƙafe masa, yarinya tana kallonsa kawai. Husaina ta yi masa jaje a baki, a zuci kuwa daɗi ta ji.

Sai hutun haihuwa ya ƙare, makarantar kuma ba ta yarda a shiga aji da goyo ba. Wadda ta karɓi renon ita ce Josephine, maƙwabciyarsu ta ɗakin ƙarshe, wadda kowa ke kira Maman Tolu. Ta daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinta, tana sayar da zoɓo da ƙanƙara, ta kuma reni 'ya'ya huɗu. Husaina ta miƙa mata jaka da kaya da nonon da ta tatsa da ƙullin famfas sabo fil. Ba ta ce komai game da fo ba. Ta gaya wa kanta wai kunya ce, yaya za ta ce da babbar mace ta zauna a ƙasa ta tari fitsarin 'yarta? Ba kunya ba ce. Kishi ne, kuma ta sani.

Jummai kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Ta yi alamarta, ba wanda ya kula. Ta matse, ta banƙare, ta tsala ihu har masu sayen ƙanƙara suna leƙe. In abin ya fi ƙarfinta ta saki a famfas, kukan sai ya ƙaru. Kafin mako ya zagayo matsematsinta ya yi jajir da ƙuraje, muryarta ta dishe.

Ran nan da la'asar Husaina ta dawo, ta tarar da Maman Tolu tana jiranta a ƙofa da yarinyar a kafaɗa.

"Maman Jummai, zo mu yi magana," in ji ta. "Yarinyar nan ba rigima take yi ba. Wani abu take faɗa min, ni kuma ba na ji. Me kike mata wanda ba ki gaya min ba?"

Husaina ta dubi 'yarta, idanun duk sun kumbura. Ta shiga ɗakinta ta ɗauko fon, suka wuce ɗakin Maman Tolu.

Zama a ƙasa ba ƙaramin aiki ba ne ga Maman Tolu da ciwon gwiwarta, sai da ta kira sunan Allah kafin ta kai tabarma. Husaina ta gyara mata ƙafafu, ta ɗora Jummai, ta faɗa mata komai, har maganar silin da ƙafar hagu. Kowace kalma da ƙyar take fita.

"Shhh! Shhh!" in ji Maman Tolu.

"Haba Mama, ai ba kaji kike kora ba. A hankali, ta tsakanin haƙora."

Maman Tolu ta tuntsire da dariya, ta sake gwadawa, wannan karon ta kusa. Jummai ta harba ƙafa, amma ta ƙi kallon matar. Sai juya wuya take tana neman fuskar uwarta, tana miƙa mata hannu.

"Muddin tana ganinki ba za ta yi min ba," in ji Maman Tolu, murya ƙasa-ƙasa. "Ki yi haƙuri, 'yata. Fita kaɗan."

Husaina ta fita ta tsaya bayan labule, ta jingina da bango. Jummai ta fara ƙananan kuka, saura ƙiris Husaina ta koma ta ɗauke ta. Ta dai cije. Tana jin sautin nan nata yana fitowa daga bakin wata, a hankali, ba gaggawa. Kukan ya tsaya. Can sai ga ƙarar ruwa a cikin fo.

"Ta yi! Maman Jummai, ta yi min! Zo ki gani!"

"Ina zuwa, Mama," in ji Husaina.

Amma ba ta shiga nan take ba. Sai da ta goge fuska da bakin mayafinta, ta jira muryarta ta daidaita.