Jan Ƙafar Zomon Phoebe

Da Phoebe za ta tafi makarantar kwana a Biu, zomonta ta bar wa uwarta Rhoda amana. Ba a jima ba gashin tafin ƙafafunsa na baya ya zube, gyambo ya fito, ya koma yini a kwance cikin kejin waya.

Rhoda kuwa ba ta taɓa yarda ciwo na zuwa haka kawai ba. Hankalinta ya tafi kan Gumsu, maƙwabciyarta mai sayar da atamfa a Kasuwar Litinin. Tun zuwansu unguwar Moduganari suke cin abincin juna, Sallah da Kirsimeti. Amma ai Gumsu ta taɓa cewa kejin na wari, kuma Rhoda ba ta mantuwa.

Ran Lahadi ta dawo daga coci ta tarar da guntun tabarma a kejin, ƙafafun zomon kuma jawur. Ta ɗauke tabarmar da sanda ta ƙona, sannan ta raɗa wa matan zumuntar coci cewa ana yi wa 'yarta asiri ta jikin dabba. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa.

Lahadin da ta biyo ta ƙi fita, ta laɓe bayan ƙofa. Sai ga Gumsu da 'yar ƙwarya, ta durƙusa gaban kejin.

"Ya Gumsu, me na yi miki?" in ji Rhoda, da muryar da har bakin titi an ji.

Gumsu ta miƙo mata ƙwaryar. Lalle ne.

"Maman Phoebe, wayar ce ke cin ƙafarsa. Da wannan nake maganin fasona. Na ji abin da kika faɗa, don dabbar kawai na dawo."

Washegari Rhoda ta kai zomon wurin malamin dabbobi, ya ce a bar lallen, a shimfiɗa katako da busasshiyar ciyawa, a riƙa wanke ciwon da ruwan gishiri. Zomo ya warke sarai.

Da Phoebe ta zo hutu, ta sungume shi da murna ta nufi gidan Gumsu. Nan da nan ta dawo, jikinta a sanyaye.

"Mama, Ya Gumsu ta tare ni a ƙofa. Ta ce kada in shiga, kada wani abu ya same ni a ce ita ce."