Ƙafar Baba Arzika

Tabarma, buta, gorar fura, busasshen kifi a kwali, da ambulan ɗin hoton asibiti. Abin da muka ɗauko ke nan. Mun wuce Jega, mun wuce sabon allon Jihar Kebbi, Baba Arzika na zaune a karkace, ya miƙe ƙafar hagu.

Maƙwabcinmu ne a Yelwa, masunci mai kamun kifi da ragar birgi. Shekara uku wanzami na yi masa ƙaho a cinya, ciwon na nan. Ban daɗe da dawowa daga karatu a Ibadan ba, shi ya sa aka haɗa ni da shi zuwa Sakkwato, in ji masa Turancin likita.

Likita ya ɗaga hoton, na fassara yadda ya faɗa. Ƙari ne can cikin ƙugu, ya tsiro a jikin jijiyar ƙafa. Ba kasafai ake ganin irinsa ba. Ba ciwon daji ba ne, ana iya cire shi. In an bar shi, zai toshe hanyar fitsari.

"To, ƙahwar hwa?" in ji Baba Arzika.

"Ya ce in an cire ƙarin, wataƙila ta mutu."

"Wataƙila."

"Haka ya ce."

"Ɗan boko, ka taɓa ganin mai jifan birgi a zaune?" Ya yi dariya. "Naɗe muna tabarma."

Ban roƙe shi ba. Na ɗauka aikina fassara ne.

Wata bakwai ya ƙara yana shiga kwalekwale, yana watsa birginsa a tsaye. Sannan fitsari ya tsaya, jiki ya kumbura. Ya rasu wata Talata da hantsi.

Ranar sadakar uku matarsa, Inna Lubabatu, ta sa aka kira ni. Tana bayan labule. Birgin na rataye a bango, dalmarsa na taɓa ƙasa.

"Surajo, kai ka ji da kunnenka. Ya ce mini likita ya ce babu magani. Haka ne?"

"Allah ya jiƙan shi, Inna."

"Amin. Ba shi na tambaye ka ba."

Na dubi birgin.

"Haka ne," na ce.

Ta yi ajiyar zuciya. "To, alhamdu lillahi. Ba mu yi sakaci ba."

Takardar da likitan ya ba mu tana ƙasan akwatina, da Turanci. Na shiga ɗaki, na tura ƙofa, na sa sakata. Ba zan karanta wa kowa ita ba.