Waƙar Cikin Rijiya

Tana kakkaɓe matashin kai katin maganin ya faɗo. Ta ɗauka ta ƙirga: ƙwaya goma sha biyu cif, ba a taɓa su ba. Ashe tun ranar da zazzaɓi ya sauka mijinta ya daina sha, ga shi kullum yana kallon ƙwayar idonta yana cewa ya haɗiye. Ta zari mayafi ta fita, ko ƙofa ba ta ja ba.

Kwana biyar ke nan da sallamo shi daga asibiti. A gabanta likita ya ce limoniya ce ta kama huhunsa na dama. "Zazzaɓi zai tafi cikin kwana uku, kada ya ruɗe ku. Huhu sai ya yi wata guda yana gyaruwa, ƙarfi kuwa sai an yi wata uku. Ban da ƙura, ban da aikin ƙarfi." Mijin nata ya yi ta gyaɗa kai kamar na kirki. Mai haƙar rijiya fa ake gaya wa ban da ƙura! Yau da safe ya ce aski zai je.

Ta san askin. Can bayan sabbin gine-gine ne, inda ya bar wata rijiya saura ƙiris ta ba da ruwa ciwo ya kayar da shi. Ta tarar da ƙaninsa a bakin ramin, igiya biyu a gabansa, ɗaya ta guga, ɗaya ɗaure a ƙugun wansa.

"Matar Yaya, sintiri kika fito?" ya ce yana dariyar yaƙe.

"Kai dai ka ji kunya, da furfurarka. Kai ka zura shi?"

"Wallahi na hana. Ya ce ba wanda zai taɓa ruwan nan kafin shi. Amma mun saukar da fitila ba ta mutu ba, iskar lafiya lau."

"Fitilar ce ta yi limoniya?"

Daga ƙasa waƙa ke tasowa. Dokar sana'arsu ke nan: a zurfin gaba goma sha biyar ido ba ya kaiwa, don haka na ƙasa ya yi ta waƙa, na sama ya kasa kunne. Waƙa ta tsaya, a ja igiya, ba tambaya. Shekara ashirin tana jin waƙar nan, ta san da numfashi ɗaya yake kai baiti ƙarshe. Yau sau uku yake yanke shi, tari na cike gurbin.

Ta leƙa duhun. "Baban yara! Ka fito, don Allah!"

"Ƙasa ta jiƙe!" Muryar ta iso a shaƙe. "Guga biyu... kawai."

Ta san taurin kansa. Ta jefa katin maganin da gorar ruwan ƙanin cikin guga. "To ka sha wannan, ina tsaye!"

Ƙanin ya sassauta igiya, guga ya yi ƙasa har ya dire. Waƙar ta tsaya.

"Magani yake sha," in ji ƙanin. "Mutum ba ya waƙa da ƙwaya a baki."

Ta ce haka ne. Suka tsaya. Wani mai baro ya wuce da bulo, ya gaishe su, suka amsa. A gida ma yakan daɗe yana jujjuya ƙwaya a tafin hannu kafin ya kai baki, da wannan ta rarrashi zuciyarta. Ko tarin ba a ji.

"Jawo gugan," ta ce.

Ya taho sakayau, yana bugun bangon rijiya. Gorar a rufe. Ƙwaya goma sha biyu cif.

Tare suka kama ɗaya igiyar. Ta yi nauyi, kuma babu mai taya su daga ƙasa.