Ƙuda a Cikin Raga

Tun ran Litinin na gaya wa Baffa cewa ƙudan nan ba irin wanda ya sani ba ne. Wanda ya sani ruɓaɓɓe yake bi. Wannan kuwa lafiyayyen sitiroberi yake nema, jan ɗan marmarin nan da muke nomawa, ya huda fatarsa, ya zuba ƙwai, ya bar shi yana sheƙi kamar ba a taɓa shi ba.

Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ke riƙe da gonar tun rasuwarsa. Ya dube ni ya ce, "To, Malama mai digiri. Shekara talatin ina ganin ƙuda. Yau kuma shi ma ya yi karatu irin naki?"

Mata masu tsinka suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci. Na ɗauko kofin gilashi, na jiƙa gishiri, na zaɓi 'ya'ya biyar daga kwandon da ya fi kyau na tsoma. Ba a daɗe ba fararen tsutsotsi suka fara fitowa, sirara, suna murɗawa. Dariya ta tsaya. Gwaggo, babbar masu tsinka, ta tofar da wanda take taunawa.

Na nuna masa jujin da ke bayan rumfa. Nan ake zuba duk ɗan da ya yi laushi, a bar shi ya zama taki, haka ake yi tun zamanin kakanmu.

"Baffa, ga gidansu can! Mu muke kiwon su. A ƙulle shi a baƙar leda, a bar shi a rana su mutu."

"Taki a leda? Ke 'yar nan, Allah ya shirye ki."

Tsofaffin kunyoyi sun riga sun tafi, ƙuda ya gama da su, na sani. Saura sababbi goma sha biyu, waɗanda na lulluɓe da raga mai ƙananan ido tun suna fure. Idan su ma suka tafi, Mama ta ce za ta sallama wa masu buga bulo gonar, ta gaji.

Ran Laraba na shiga gari neman leda da kayan tarko. Kwana biyu na yi kafin in samu. Da na dawo, bayan rumfa fes, an share har ƙasa. Baffa na tsaye yana murmushi.

"Kin gani? Jujin da kike ta yi mini faɗa a kai, na kwashe miki shi."

Har na fara jin kunyar tsawar da na yi masa. Na ce, "Ina aka kai?"

"Inda ya dace mana. Sababbin kunyoyinki sun rame, suna son abinci."

Na yar da ledojin na ruga. Tun daga nesa warin tsami ya tare ni. An shimfiɗa takin a gindin kowace shuka, an mayar da raga, an danne bakinta da duwatsu a jere. Na kusanto da fuskata. Ƙudajen suna nan ta ciki, ƙanana, masu jajayen ido, suna tafiya a jikin ragar ba gaggawa. Ƙarƙashinsu 'ya'yan sun fara ja.

Baffa ya iso bayana yana haki.

"Duba da kyau," ya ce. "Ko kafa ɗaya ban bari ba."