Kwana Biyar a Bakin Ƙofa

Yayata Kaltume in ta kafe a kan abu, to sai dai haƙuri. Ranar da 'yarta Hafiza ta haifi namiji, jikanta na fari, ƙememe ta ƙi ɗaukarsa. Hannuwanta sun yi jawur, sun tsattsage, ga ƙaiƙayi. Wai ƙazwa ce, ba za ta shafa wa jariri ba. Sai ta tsaya bakin ƙofa tana leƙe, hannu cikin mayafi. Wallahi ta ba ni tausayi, amma haushi ya fi yawa.

Tun wata guda kafin haihuwar take dirzar zannuwan goyo da garin sabulu, ta bi da sabulun soda, ta ɗauraye ta sake. Da ƙurajen suka fito kuwa, maimakon ta huta, hannun ma ta riƙa gogewa da soso sau biyar a rana.

Ana jibi suna na tasa ta a gaba zuwa asibitin Bagwai, tana mita tun daga garinmu Watari. Ma'aikaciyar da muka tarar, Asama'u, ta juya hannun, ta duba tsakanin yatsu, ta tambaya ko akwai wani mai susa a gidan. Babu ko ɗaya. Sai ta nuna mana inda jan ya tsaya cak a wuyan hannu, daidai inda ruwan baho yake kaiwa. Ta ce sabulu ne ya ci fatar. A bar wanki, a riƙa shafa basilin da man da ta rubuta, in ya zama dole a sa safar hannu.

Yaya ta yi ƙasa da murya. "To yaron fa, 'yar nan?"

"Wannan ba ya kama kowa, Inna. Ki ɗauki jikanki yau ma."

Wankin jego kaf ya dawo kaina, ni da na kai ta. Ladan taimako ke nan.

Da muka dawo ko mayafi ba ta cire ba. Ta zauna a tabarma, ta miƙa hannuwan nan masu maiƙo, Hafiza ta ɗora mata jaririn. Ta daɗe tana kallonsa, ga dariya ga hawaye.

"Kwana biyar ina leƙenka, angona," in ji ta. "Ashe hancin kakanka marigayi Mala ka kwaso, ba wanda ya gaya mini."